Ɗan gudun hijira ba ƙoƙon bara ya riƙo ba, hanyar kasuwa yake tambaya

Ranar Asabar bayan la'asar ina zaune a shagon telana a Kasuwar Barci da ke Kaduna, ina jiran ya ƙarasa mini aikin wuyan riga, sai ga wani dattijo ya yi sallama da jakar turare a kafaɗa. Farar jallabiya ce a jikinsa da rawani irin na mutanen Sudan. Hausarsa tsaf, amma tsohuwar Hausa ce, Larabci na leƙowa ta cikinta. Ya buɗe kwalaben humra da turaren wuta, mutum biyu suka saya, ya yi godiya ya fita.

Ƙafarsa ba ta gama barin bakin ƙofa ba, wani Alhaji da ke kan benci ya taɓe baki ya ce, "Kun gan su nan. Yaƙi ya koro su sun zo sun cika mana gari. Ai ɗan gudun hijira cima-zaune ne, an saba masa da a ba shi."

Wanda ya ratso rana da kaya a kafaɗa shi ne cima-zaune. Mai faɗin haka kuwa tun azahar yake kan bencin nan yana jiran a kawo shayi. Na so in tanka, amma ya haife ni, sai na haɗiye. Maganar ta kwana tana cina.

Ga abin da na so in faɗa masa. Mutumin da yaƙi ya raba da garinsa, da hannuwansa da sana'arsa da hankalinsa ya fito, gida da dukiya kawai ya bari. Idan ka gan shi shekara da shekaru yana bin layin karɓar tsaba, to bincika, akwai ƙofar da aka rufe masa: ko takarda, ko gona, ko rumfa a kasuwa. Mu da muke zaune lafiya mu ne masu riƙe da makullan, sannan mu dawo muna zaginsa da zaman banza.

Bayan Alhaji ya tafi masallaci, telan ya ba ni labarin mai turaren. A Omdurman ta Sudan aka haife shi. Kakansa ya bar ƙasar Zazzau a ƙafa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noman auduga a Jazira, ya yi aure, zama ya miƙe. Shi jikan yana da shago cike da kaya har ranar 15 ga Afrilun 2023, ranar da sojojin Burhan da dakarun Hemeti suka fara ɓarin wuta a Khartum. Ya fito da mata da 'ya'ya huɗu, suka sha doguwar hanya har suka iso nan, wajen dangin da bai taɓa gani ba sai a labarin kaka. Yanzu shi yana yawon turare, uwargidan tana yi wa amare dilka da halawa da lalle a Tudun Wada. Telan ya ce in lokacin bukukuwa ya zo, sai ka kama layi tun mako biyu kafin ranar.

Mu ne fa jikokin masu hijira

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe Musulmi ne zai raina mai hijira. Kalandarmu da hijira ta fara. Kafin ta Madina ma, sahabbai sun ƙetare teku zuwa Habasha, ƙasar sarki Kirista, Najjashi, don an ce musu ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ƙuraishawa suka bi su da kyaututtuka suna neman a miƙo musu su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tashi ya yi bayani, ya karanta ayoyin Suratu Maryam, sarki ya ce ba zai ba da su ba. Duk wani ɗan Islamiyya a Rigasa ya san wannan.

Labarin da na fi so shi ne na Abdurrahman ɗan Aufu. Ya isa Madina hannu rabbana. Aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka a iyali da dukiya, ya ce shi dai a nuna masa kasuwa. Ya tafi, ya dawo da ɗan cuku da man shanu na riba. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

Malamai kan kawo wannan don yabon zuciyar Abdurrahman, kuma ya cancanci yabo. Amma ni akwai ɓangaren da nake ganin ana tsallakewa: an nuna masa kasuwar. Ba wanda ya tare shi a bakinta ya ce ina takardar shaidar kai ɗan asalin Madina ne. Ba wanda ya ce sai ya kawo mai tsaya masa, ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza. Da an yi masa haka, da wataƙila yau ba mu san sunansa a cikin 'yan kasuwa ba.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Shekara 99 bayan haka, da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'a masu ɗimbin yawa. Aka kashe shi a Burmi, ragowar suka ci gaba har bakin kogin Nilu, ɗansa ya kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a Sudan. Waɗannan mutane da zuriyar alhazan ƙafa su suka zama Hausawan Sudan. Sun yi noma, sun yi fatauci, sun yi malanta. Duk da haka, a Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da dama, kuma kalmar da aka riƙa jifan Hausawa da ita ita ce baƙi. Bayan shekara fiye da 100. Na tuna yadda muka yi ta kumfar baki a Facebook a lokacin. To ga ɗaya daga cikinsu ya dawo ƙasar kakansa, mun tarbe shi da kalmar da aka jefe shi da ita a can.

"Mu ma da kyar muke ci"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata dariya ba. Wanda ya san yadda kuɗin mudun shinkafa da kuɗin Keke daga Kawo zuwa Kasuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ya san magidanci a Kaduna ba shi da rarar da zai ciyar da baƙo. Masaƙun Kakuri da suka riƙe dubban gidaje sun daɗe da yin shiru. Matasa masu digiri na tuƙa babur mai ƙafa uku.

Amma a duba abin da ake nema. Mai turaren bai roƙi Alhaji ko sisi ba. Kaya ya kawo, mai so ya saya. Yana biyan haya, yana sayen gawayi da sandal da kwalabe a kasuwar nan tamu, matarsa ta ɗauki 'yan mata biyu na unguwa suna taya ta suna koyon sana'a. Kuɗin da ya samu a nan yake kashe su. Ta ina ya rage wa Alhaji tuwo?

Kuma masu ɗaukar nauyin nan a duniya ba masu ƙoshi ba ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna waɗanda aka raba da muhallinsu sun haura miliyan 120 a 2024, kuma akasarin waɗanda suka ƙetare iyaka a maƙwabtan ƙasashe suke tsayawa, ba Turai ba. Chadi, da duk talaucinta, ita ta karɓi dubban ɗaruruwan 'yan Darfur ta garin Adre. A 2019, da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa da ƙauyukan Zamfara da Katsina, ina mutanenmu suka nufa? Maraɗi. Talakawan ƙauyukan Gidan Runji, waɗanda su ma damina ɗaya ce tsakaninsu da yunwa, su suka buɗe musu zaure da rumbu kafin wata hukuma ta iso da tanti. Ba su tsaya lissafin mudu ba.

Yuganda ta gwada wata hanya da ya kamata a yi nazarinta. Dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, ana kuma yanka masa ɗan fili ya yi bukka ya yi shuka. Ƙasar na ɗauke da fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, akasari daga Sudan ta Kudu da Kwango. Ba aljanna ba ce. Filayen ƙanana ne, tallafin abinci kuma kullum raguwa yake. Amma wanda aka ba fartanya da wanda aka ba katin layi, bayan shekara biyar ba za ka same su a hali ɗaya ba.

"Ai a Turai daɗi suke sha"

Wannan kuma maganar majalisar mai shayi ce. An ɗauka da ka taka Ingila ka ce gudun hijira kake, sai a miƙo maka makullin gida da albashi.

A Ingila, mai neman mafaka ba shi da izinin aiki yayin da yake jiran hukunci. Sai ya shekara yana jira kafin ya iya neman izini, shi ma a 'yan ayyuka ƙalilan da aka lissafa. A 2024, abin da ake ba shi a mako bai kai fam 50 ba, a ƙasar da kuɗin motar haya kaɗai kan cinye rabinsa. Ba shi ke zaɓar garin da za a ajiye shi ba. Ka ɗauki injiniya ko malamin makaranta mai shekara 45, ka zaunar da shi a ɗaki ɗaya, cikin sanyi, ba aiki, ba harshe, ba wanda zai ce masa ina kwana, sannan ka ce daɗi yake sha. Ɗansa ɗan shekara tara, wanda ya riga shi kama Turanci, shi zai raka shi asibiti ya yi masa tafinta, har a kan ciwon da uba ba ya so ɗansa ya ji. Bahaushe ya san nauyin wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Inda aka buɗe ƙofa kuwa, an ga abin da ya biyo baya. Jamus ta karɓi ɗaruruwan dubban 'yan Siriya daga 2015. An yi ta cece-kuce, har yau ana yi. Amma da gwamnatin Assad ta faɗi a Disambar 2024, aka fara maganar su koma gida, sai ga masu kula da asibitocin Jamus suna nuna damuwa, domin dubban likitocin Siriya ne ke riƙe da ɗakunan jinya, musamman a ƙananan garuruwa. Waɗanda aka ce sun zo cin arziki, sai ga shi ana tsoron tafiyarsu.

Yaron da Kaduna ta kora

Akwai labarin da ya kamata duk ɗan garin nan ya riƙe, ko da ba ya kallon ƙwallo. Victor Moses. Kamar yadda jaridun gida da na waje suka sha bugawa, an kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa a rikicin Kaduna na 2002, yana ɗan shekara 11. Dangi suka yi ƙoƙari aka kai shi Ingila a matsayin mai neman mafaka, wani gida a kudancin Landan ya riƙe shi. Daga Crystal Palace zuwa Wigan, daga nan Chelsea a 2012, inda ya ci kofin Firimiya a 2017.

Ya buga wa ƙananan ƙungiyoyin ƙasar Ingila, yana da damar ya zama nasu ɗungurungum. Ya zaɓi Najeriya. A gasar cin kofin Afirka ta 2013, shi ya jefa ƙwallaye biyu a ragar Habasha a bugun daga kai sai mai tsaron gida, muka fito daga rukuni, muka je muka ɗauko kofin. A daren nan gidajen kallo daga Unguwar Rimi har Sabon Tasha ihu ɗaya suka yi. Mutum nawa ne a cikin masu ihun suka tsaya suka tuna abin da garin nan ya yi wa yaron?

Mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002 mun san gudu. Mun ga yadda aka yi ta ɗaure katifa a kan mota ana ƙetare gada, wasu su yi arewa wasu su yi kudu, mutum ya sayar da gidan da ya gina da gumin shekara 20 a kuɗin da bai kai na fili ba. Wasunmu sun kwana a barikin soja. Wanda ya taɓa kwana a bariki da 'ya'yansa a kan tabarmar aro bai kamata a ji kalmar cima-zaune a bakinsa ba.

Sai dai ina tsoron irin wannan misali, ko da ni na kawo shi. Da an ambaci Moses, sai a ambaci Alphonso Davies da aka haifa a sansanin Buduburam na Ghana ya zama tauraron Bayern Munich, sai Ilhan Omar da ta yi shekara huɗu a sansani a Kenya ta shiga majalisar dokokin Amurka a zaɓen 2018. Daga nan sai a ce, kun gani, mai zuciya ba ya rasawa. Wato wanda bai zama tauraro ba shi ya so. Wannan zalunci ne sabo a kan tsoho. Ba sai mutum ya ci kofin Firimiya ba kafin ya cancanci a ba shi hayar ɗaki.

Jarumtar da ta fi yawa ba ta shiga talabijin. Tana Minawawo, sansanin da aka buɗe a arewacin Kamaru a 2013 don mutanenmu na Gwoza da Banki da kewaye da Boko Haram ta kora. Sun haura dubu 60. Yaron da aka haifa a shekarar da aka buɗe shi yanzu ya isa shiga sakandare, bai taɓa ganin Najeriya ba. Da yawan jama'a ya cinye itatuwan wurin, su ɗin ne suka shiga aikin dashe, suka raini dubban bishiyoyi a ƙasa mai tsauri, mata suka koyi yin gawayi daga ɓawon gyaɗa. Mutumin da ya dasa bishiya a wurin da yake addu'ar ya bari gobe, ban san sunan da za a kira shi da shi ba, amma ba malalaci ba.

Kuma kada yabon juriyarsu ya zama mafakar masu mulki. Juriya ba ta maye gurbin tsaro. Ba don suna da haƙuri ba ne za a bar su shekara 10 a tanti.

"To ɓata-gari fa?"

Akwai su. Iyakokinmu a buɗe suke, makamai na shigowa, kuma ba wanda zai ce wa mutumin Birnin Gwari ko Giwa kada ya yi ɗar-ɗar da baƙuwar fuska. Amma maganin wannan sani ne. A rubuta sunan mutum, a san inda ya fito, mai unguwa ya san ɗakin da yake kwana, a ba shi takardar da zai nuna. Wanda aka rubuta, yana da rumfa, 'ya'yansa na makarantar unguwa, shi ne na farko da zai kai rahoto idan ya ga abin da bai gane ba, don ya san abin da ya koro shi. Wanda aka ƙi, aka hana haya, aka tura kango, shi ne wanda ba a san shigarsa da fitarsa ba.

Ɗan bindiga kuma ba ya zuwa da mace mai goyo da tukunya a ka.

Kora kuwa mun taɓa gwada ta. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zango suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, kusan 'yan Ghana miliyan ɗaya suka yi cincirindo a kan iyaka. Tattalin arzikinmu bai gyaru ba. Ƙarshen shekarar ma soja suka karɓe mulki. Abin da ya rage mana daga wannan kora shi ne sunan jaka, "Ghana Must Go". Har yau da ita muke zuba kaya idan tamu ta taso, kuma na ga irinta da yawa a kan mutanen ƙauyukan Chikun da Birnin Gwari da suka sauka a Rigasa da Mando. Hausa ba ta ma bambanta su da wanda ya ƙetaro iyaka ba, duk 'yan gudun hijira take ce musu, kuma tambayar da mai gidan haya ke yi musu iri ɗaya ce: wa ya san ka?

Wannan tambaya ita ce ta tsare mai turaren wata da watanni. Ya ga ɗan shago a bakin layi, ya tara kuɗin shekara, mai shagon ya ce sai ya kawo ɗan gari da zai tsaya masa. Dangin da ya zo wurinsu talakawa ne, su ma haya suke. A garin da Turawa suka mayar hedikwata a 1917, wanda in ka cire Gbagyi da 'yan tsirarun da aka tarar, kowa jirgin ƙasa ko aikin gwamnati ko masaƙa ce ta kawo kakansa, wai a nan ake neman ɗan gari.

Da na koma karɓar rigata ranar Laraba, na tarar da ɗan tebur a barandar shagon, an jera kwalabe a kai, turaren wuta na tashi daga kasko. Telan ne ya matsar da keken ɗinki ɗaya ciki ya ba shi wurin. Na ce, "Maigida, nawa za ka riƙa karɓa?" Ya ce, "Haba Malam, ƙamshin da shagona ke yi yanzu ai ya biya."

Alhaji na nan kan bencinsa. Telan ya raɗa mini cewa ranar Litinin ya karɓi humra kwalba biyu, ɗaya ta uwargida ɗaya ta amarya, ya ce a rubuta sai ƙarshen wata.